Baƙin mai yana lalacewa a ajiye? Tambayoyi da amsoshi ga masu mota, keke da janareta a Kaduna

Tunda darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kaya suka shiga tashin gwauron zabi, mutane da yawa a garin nan sun koma sayen baƙin mai katan guda su jibge a gida, wai kafin wata mai kamawa a ƙara masa kuɗi. Kuma ba laifinsu bane, don yawancin asalin man da ake haɗa baƙin mai da shi daga waje ake shigo da shi, dala na motsawa shima zai motsa. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 tana da sashen da aka gina takanas don irin wannan man, amma dai kowa ya san halin da take ciki. Ni harkar mai da filta nake yi, kuma waɗannan sune tambayoyin da direbobi da 'yan keke napep da magidanta masu janareta suka fi yi min, na haɗa su wuri ɗaya don mai buƙata ya duba tasa.

Wai da gaske baƙin mai yana esfaya?

Eh yana yi, amma ba irin na maganin asibiti ba da za'a ce ranar kaza ya mutu. A hankali yake raguwa, kuma wurin da ka ajiye shi da yadda ka rufe shi sun fi yawan shekarun tasiri. Galan biyu da aka cika rana ɗaya a kamfani ɗaya, ɗaya ya zauna a sito cikin inuwa ɗaya kuma ya zauna a bakin titi rana na dukansa, bayan shekara biyu ba abu ɗaya bane a cikinsu.

Toh shekara nawa yake yi in ba'a fasa sil ɗin ba?

Lissafin da aka fi riƙewa shine shekara 5 daga ranar da aka cika shi. Kamfanin ExxonMobil masu Mobil 1 sun faɗa a fili cewa iyakar da suke ba man injinsu a ajiye kenan, shekara biyar. Wasu kamfanonin basa rubuta ranar ƙarewa sam, ranar da aka yi shi kawai zaka gani, wasu kuma suna rage shekarun. In kamfanin da yayi naka ya rubuta nasa wa'adin a jikin galan, nasa zaka bi.

Sai dai fa ka sani wannan shekara biyar ɗin da sharaɗi take, wato a ɗaki, cikin inuwa, babu ruwa babu zafi mai tsanani, murfi a ɗaure. Mu nan da watan Maris da Afrilu zafi ke kusantar digiri 40 a inuwa, ballantana cikin shagon kwano ko kwantena, ni a nawa ganin in mai ya haura shekara uku a irin ajiyarmu to a fara dubansa da kyau kafin a zuba shi a injin da ake ji da shi.

Me ke lalacewa a cikinsa, alhali daga ƙasa aka haƙo shi inda ya daɗe a kwance?

Wannan tambayar wani malamin makaranta ne ya taɓa yi min ita, kuma tana da ma'ana. Abun da ke cikin galan ɗin nan kashi biyu ne. Akwai asalin man, shine mafi yawa, shi kam yana da juriya sosai. Sannan akwai sinadaran da kamfani ke ƙarawa, su ne suke aikin da kake biyan kuɗi dominsa: mai wanke datti a cikin inji, mai riƙe dattin kar ya taru ya zama laka, mai hana ƙarfe cin ƙarfe wanda galibi da zink ake yinsa, mai hana tsatsa, mai kashe kumfa, da kuma wanda ke sa man kar ya tsinke da yawa in inji yayi zafi, shine sirrin lambobin nan irin 20W-50 da 5W-30.

To waɗannan sinadaran ne masu rauni. In mai ya daɗe a wuri ɗaya wasunsu kan kwanta a ƙasan galan. In danshi ya shiga wasu kan haɗu da ruwan su lalace, har su zama guda-guda. Iska kuma in ta samu hanya tana cin man a hankali, yayi duhu yayi kauri ya fara tsami, kuma zafi ne ke hanzarta wannan, masana harkar suna da lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi kusan ninka saurin wannan cin yake yi. Kaga kenan man zai iya zama da santsinsa a yatsa amma abun da ke kare injin ya ragu, kuma ido baya ganin wannan raguwar.

Nayi juye, ragowar kusan lita ɗaya ta rage a galan. Zan iya ajiye ta zuwa juye na gaba?

Ƙwarai kuwa, kar ka bar wa kowa ita in kana so. Ƙananan motoci da yawa wajen lita huɗu suke sha, in ka sayi galan mai lita biyar dole ragowa ta rage. Ka goge bakin galan ɗin da tsumma mai tsabta, ka ɗaure murfin sosai, ka sa shi a leda ka ɗaure, ka rubuta watan da ka buɗe da maka a jikinsa. In ka yi haka zuwa wata shida ba abun da zai same shi, har shekara ma yana kaiwa. Bayan shekara da buɗewa ni bana ba mutum shawarar zuba shi a mota mai tsada.

Dalili kuwa, galan ɗin da saura lita ɗaya a ciki ragowar wurin duk iska ce, kuma iskar damina ɗauke take da laima. Da rana ta faɗaɗa, da dare ta huce ta bar raɓa a jikin robar ta ciki, raɓar ta gangara cikin man. Dabarar da ta fi ita ce ka juye ragowar a robar baƙin mai mai lita ɗaya wadda ta ƙare kwanan nan, irin man ɗaya, ta cika taf babu wurin iska. Amma don Allah banda gorar ruwa ko ta lemo, na ɗaya da wuya ta bushe sarai a ciki, na biyu kuma gida da yara, yaro zai iya ɗauka ya kafa kai.

Ina yawo da shi a but saboda ciko, akwai matsala?

Na 'yan makonni ko wata biyu uku babu. Motar da ke shan mai dole mai ita ya riƙe na ciko, musamman masu dogon zango da ke lodi a Kawo ko Mando. Matsalar ita ce wanda zai jefa galan a but ya manta da shi shekara guda, motar tana yini a rana cikinta yana haura digiri 50, galan yana gungurawa yana bugun jak, murfi ya saki, ƙura ta shiga. Ka riƙe lita ɗaya kawai, a tsaye, a kusurwa, sauran ka bar su a gida.

Ina ne ya fi dacewa a ajiye a gida?

Ɗakin da rana bata shiga kuma baya yoyo. Sito, ƙarƙashin bene, ko cikin kabad a gareji. Ka ɗora katan ɗin kan katako ko bulo, kar ya zauna kan siminti kai tsaye, saboda watan Agusta ƙasa na tsatsafo da danshi katan ya jiƙe ya ruɓe, takardar jikin galan ta ɓare har ka kasa gane wane irin mai ne. Kar ka ajiye kusa da janareta mai aiki ko murhu, kar kuma a jikin taga inda hantsi ke bugawa.

Kowane lokaci da nasa sharrin a Kaduna. Bazara zafi, damina laima, hunturu kuma ƙura, kuma ƙurar nan ta hunturu da kake rainawa ita ce ta fi saurin yin ɓarna, don yashi ne mai laushi, in ta shiga inji goge ringi da silinda take yi. Sanyin hunturunmu kam baya yi wa baƙin mai komai, bai kai irin na Turai da ke sa mai ya daskare ba.

Mu da duro muke saye a gareji. Shi yaya?

Nan ne aka fi tafka asara ba tare da an sani ba. Ka zaga Panteka ko Kurmin Mashi da damina ka duba durorin da ke tsaye a waje. Saman duro yana da baki da ya ɗan ɗago zagaye, in an yi ruwa sai ya taru a wurin ya rufe murfan nan guda biyu, babba da ƙarami. Da rana ƙarfen ya ɗau zafi iskar ciki ta faɗaɗa ta fita ta zaren murfin, in ka tsaya kusa har 'yan ƙananan kumfa zaka gani suna tasowa ta cikin ruwan da ya kwanta. Yamma tayi hadari ya taso gari ya huce, iskar ciki ta tsuke, sai duron ya zuƙo abun da ke bakin murfin, wato ruwa. Kullum kaɗan kaɗan. Duron da ba'a taɓa buɗewa ba ma yana yin haka. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake sauka ya kwanta, ya ci ƙarfen ya kawo tsatsa, ranar da yaron shago ya zura famfo har ƙasa to shi zai fara zuƙowa ya zuba wa kwastoma.

Maganin mai sauƙi ne. In da hali a shigar da shi ciki. In babu wuri a kwantar da shi a gefensa kan katako, murfan biyu su zama ɗaya a dama ɗaya a hagu a layi ɗaya, ta yadda man ciki zai rufe su ta ciki iska ta rasa hanya. In dole sai a tsaye, a sa katako a ƙarƙashin gefe ɗaya ya ɗan karkace ruwan ya gangare nesa da murfan, a rufa masa tamfol. Sannan wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, kar a riƙa tura tsoho lungu ana buɗe sabo don shi ya fi kusa da hannu.

Ta ina zan ga ranar da aka yi shi?

Duba wuyan galan, ko ƙasansa, ko bayan takardar, zaka ga wasu lambobi da inji ya buga da ɗige-ɗige. Wasu a fili suke rubuta rana da wata da shekara. Wasu lambar bac ce, wato lambar rukunin da aka cika tare, mai haɗe da kwanan watan a ciki, akwai masu rubuta shekara sannan lambar ranar a cikin shekara, misali 045 na nufin rana ta arba'in da biyar, wato tsakiyar Fabrairu. In man daga Amurka aka shigo da shi ka tuna su wata suke fara rubutawa kafin rana. Kar ka ruɗe da 'yar alamar nan mai zagaye kamar agogo da ke ƙasan robar, wannan lokacin da aka ƙera robar ne, amma dai tana taimakawa, don mai baya girmar robar da aka zuba shi a ciki a kamfani.

Galan ɗin da ka ga an kankare lambar ko an liƙa wata takarda a kai, ka ajiye musu abunsu.

Babu kwanan wata, ko ya goge. Ya zan gane ko yana da kyau?

Samu kofin gilas mai tsabta busasshe, zuba kaɗan ka ɗaga shi a haske. Lafiyayyen sabon mai garau yake, kana ganin haske ta cikinsa. In ya yi hazo-hazo ko ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, magana ta ƙare. In kaga ɗigo-ɗigo na datti, ko guda-guda, ko wani abu mai yauƙi yana bin zubin, shima ya tafi. Sannan ka juye galan ɗin gaba ɗaya a wani mazubi mai tsabta ka haska ƙasansa da tocilar waya, nan ne asiri ke tonuwa, in akwai laka mai kauri a kwance to ba na inji bane kuma. Ka shinshina, wari mai tsami ko na ƙauri alama ce. Ɗan duhun kala shi kaɗai ba hujja bane, don kamfanoni ma kalar mansu ta bambanta tun daga fari.

Akwai gwajin da tsofaffin kanikawa ke yi wanda har a ɗakin gwaje-gwaje ana yin irinsa: a ɗora faranti na ƙarfe a wuta yayi zafi ya wuce na tafasar ruwa amma ba har yayi ja ba, a ɗiga man ɗigo ɗaya ko biyu. Mai tsabta shimfiɗewa zai yi shiru. Mai ruwa a ciki zaka ji yana tas-tas yana tartsatsi. Ka yi shi a waje, nesa da fetur, ka kau da fuska.

Sai dai duk waɗannan gwaje-gwajen mummunan lalacewa suke kamawa. Sinadaran da suka raunana a hankali sai injin gwaji.

In na girgiza shi ba zai dawo daidai ba?

Girgiza galan ɗin da ya daɗe a zaune kafin a zuba abu ne mai kyau, ɗan abun da ya kwanta zai koma ya gauraya. Amma girgiza bata fitar da ruwa, bata gyara wanda yayi guda. In ka girgiza ka ajiye shi kwana ɗaya ka dawo ka tarar ya sake rabuwa, rabu da shi.

Man yana nan garau amma ya shekara bakwai ko takwas. In zuba?

A nan akwai wata matsalar da ba ta lalacewa ba, wato zamani ya wuce shi. Duba bayan galan zaka ga an rubuta API, wato ma'aunin matakin ingancin mai, sannan haruffa biyu. Na injin fetur da S yake farawa, kuma harafi na biyu ne ke nuna zamaninsa: SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Na dizal da C yake farawa, irin CI-4 da CK-4. Duk sabon mataki an ƙara masa ƙarfin kariya ne saboda injinan da ake ƙerawa a lokacin. Misali ƙananan injinan fetur na yanzu masu tabo (turbo) suna da wata matsala ta wuta ta tashi a silinda kafin lokacinta har ta fasa fistin, kuma SP an gwada shi musamman akan wannan, tsofaffin matakan da na lissafa ba'a gwada su ba.

Don haka amsar ta danganta da injin. Tsohuwar Peugeot 504 irin wadda aka haɗa a Kakuri, ko injin niƙa, ko tsohon janareta, in man ya tsallake gwajin ido da na faranti zai yi musu, sai dai ka gaggauta juye na gaba. Motar da aka rubuta 0W-20 ko 5W-20 a murfin injinta kuwa, kar ka soma. Kuɗin galan ɗaya ina, kuɗin sauke inji ina.

Kuma har gobe akwai sabon mai a kasuwa da aka rubuta masa SF, matakin shekarun 1980. An cika shi bana amma tsarinsa na wancan zamanin ne, shima ba na motar zamani bane komai sabuntarsa.

Sintetik ya fi daɗewa a ajiye?

Asalin mansa ya fi jure zafi da iska, wannan gaskiya ne. Amma sinadaran ciki da ruwa da ƙura basu san sintetik ba, shi yasa ma shekara biyar ɗin da na ambata ta haɗa har da Mobil 1, wanda shi sintetik ne. Kar tsadarsa ta sa ka sake da ajiyarsa.

Zan iya haɗa tsohon da sabo, ko na kamfani biyu?

In duka lafiyayyu ne kuma lambar kaurinsu ɗaya, matakin API ɗinsu ya dace da motar, haɗawa bata ɓata inji, har sintetik da wanda ba sintetik ba suna gauraya. Abun da zaka samu dai ƙarfinsa zai karkata wajen mai raunin cikinsu. Wanda kake shakka a kansa kuma zuba shi cikin sabo baya wanke shi, sabon yake ɓatawa.

'Yan keke da masu babur ku kula da wani abu daban. Kulocin yawancin injinanku a cikin baƙin man yake wanka, man mota na zamani mai sinadarin ƙara santsi yana sa shi zamewa. Ku nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA, kar ku karɓi ragowar man motar maigida don kyauta ce.

Motata ta daɗe a fake saboda tsadar fetur, man ciki kuma bai yi tafiya ba. Sai na canza?

Tunda aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 motoci da yawa suka koma ado a ƙofar gida, ana lulluɓe su da tamfol ana hawa keke. Irin maganar da ake min kenan:

"Oga, wlh ko kilomita dubu ɗaya man nan bai yi ba."

"Alhaji yaushe aka zuba shi?"

"Tun kafin babbar sallar bara."

"To ranka ya daɗe a juye shi, da filtar duka."

Man da ke cikin inji ba ɗaya yake da na cikin galan ba. Ya riga ya haɗu da hayaƙi da ɗan fetur da tururin ruwa, ya fara tsami, kuma injin ba a rufe yake ruf ba, yana shaƙar iskar waje. Shi yasa littafin mota yake ba da abu biyu, kilomita ko watanni, duk wanda ya riga zuwa, galibi tsakanin wata shida zuwa shekara. Sannan ɗabi'ar nan ta tada mota kowace safiya minti biyar a kashe, wai ana wamin, bata taimakon man, ƙara masa ruwa take, saboda injin bai yi zafin da zai ƙone tururin ba. Gara sau ɗaya a mako ko biyu ka fita da ita ka miƙe baifas ka dawo, kamar rabin awa, ta yi zafi sosai.

Janareta da injin ban ruwa fa, da ake ajiyewa wata da watanni?

Masu noman rani a bakin Kogin Kaduna da zarar ruwan sama ya sauka sai a ɗauke injin a jefa a ɗaki da baƙin man da ya yi aikin rani duka, sai wata shekarar. Kuskure ne, tsamin da ke cikin tsohon man zai zauna yana cin ƙarfe duk tsawon damina. Kafin ajiya ake juye, a zuba sabo, a tada shi minti kaɗan ya zagaya, a zubar da fetur ɗin kafireto, sannan a rufe. Ƙananan injinan nan yawancinsu basu da filtar mai kuma abun da suke sha bai cika kai lita ɗaya ba, shi yasa littafinsu ke cewa juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100 ko wata shida. Da irin wutar da muke samu awa 100 ba wata doguwar tafiya bace. Lita ɗaya-ɗaya ta fi dacewa da mai janareta akan babban galan da zai buɗe ya daɗe yana tsiyaya.

Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa mai da fetur kuwa, man 2T a robarsa yana daɗewa kamar sauran, amma da zarar an gauraya shi da fetur to lissafin fetur ake, ka haɗa iya wanda zaka ƙarar cikin wata guda.

Man awo na bakin titi, shi shekara nawa yake yi?

Shi ba'a ma kai ga maganar shekaru ba, don ba ka san ranar da aka yi shi ba, ba ka san me ye shi ba. Tsaya ka kalli teburin: kwalabe a jere a rana tun safe, wasu ba murfi, mazurari a kife a ƙasa yashi ya manne a bakinsa, da shi ake zuba na inji da shi ake zuba na giya, tsumman da ake goge shi ya fi shi datti. Akwai masu gaskiya a cikinsu da ke sayen duro na kamfani suna aunawa, amma akwai masu sayar da asalin mai tsura wanda ba'a sa masa sinadari ko ɗaya ba, akwai kuma masu tace kondem, wato tsohon man da aka juye daga inji, su gauraya. A yatsa duk santsi ɗaya.

Na galan ma ba'a tsira ba, ana tsintar galan ɗin manyan kamfanoni a cika da wani abun a mayar da murfi. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kama irin wannan lokaci zuwa lokaci amma kasuwar tana da faɗi. Ka saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, na waje ne ko na gida irin Ammasco ta Kano duk ɗaya, ka duba zoben murfin da takardar azurfar da ke bakin, a buɗe a gabanka, kuma in an gama juye ka huda galan ɗin kafin ka bar shi a gareji. Jabun mai da aka cika jiya ya fi na gaskiya mai shekara huɗu haɗari nesa ba kusa ba.

Man birki, man giya da giris duk lissafi ɗaya ne?

A'a. Man giya wajen ajiya lissafinsa kusan ɗaya yake da na baƙin mai. Giris in ya daɗe yakan tsatso mai a samansa, in kaɗan ne a juya shi, in ya bushe ya tsage a zubar. Man birki kuwa, DOT 3 da DOT 4, shi da kansa yake jawo ruwa daga iska, kuma in ya sha ruwa yana saurin tafasa birki yayi laushi a lokacin da aka fi buƙatarsa. Ƙaramar roba zaka saya, in ka buɗe ka yi amfani da ita, ragowar da ta yi watanni a buɗe kar ta shiga mota.

Toh katan nawa ya kamata in saya in ajiye?

Lissafa juye nawa kake yi a shekara, ka sayi na shekara ɗaya, in ka matsa biyu. Mai motar gida da ke juye sau biyu ko uku a shekara katan ɗaya ya ishe shi har ya gaji. Mai motocin haya ko mai keke da yawa shi kam baya ma barin mai ya tsufa. Kuma ka tuna zaka iya sayar da motar ka sayi wadda ba irin man take sha ba, sai ka zauna da kaya.

Wanda ya lalace ko kondem, ya zan yi da shi?

Wanda ba'a yi aiki da shi ba amma ya tsufa yana da amfani a wajen inji: sarƙar keke, hinjin ƙofa da get, amalanke, shafa wa fartanya da shebur kar su yi tsatsa. Kondem kuma akwai masu zagayawa gareji suna saye, ka tara a jarka ka basu. Kar a zuba a kwata ko a haƙa rami kusa da rijiya, lita ɗaya tana ɓata ruwa mai yawan gaske, kuma kwatocin garin nan ƙarshensu kogi ne. Masu shafa shi a ciwo ko a jikin dabba mai ƙaiƙayi su daina, akwai gubar ƙarfe da ta hayaƙi a cikinsa, kamfanonin mai da kansu suna gargaɗi a jikin galan cewa yawan taɓa fata da shi yana da haɗari. Yaran gareji da ke yini hannu dumu-dumu a ciki, a saya musu safar hannu da sabulu, kuma su daina wanke hannu da fetur.